Motar da Za a Yanka

Motoci biyu Baba ya mallaka a duniya, kuma dukansu sun girmi Auta, wadda yanzu 'ya'yanta uku. Kamfani ɗaya ya ƙera su, shekara shida tsakaninsu. Babbar, a jiki da a shekaru, ita ce Doguwa, mai fulogi shida da dogon baya mai ƙofa da ake ɗagawa sama. Ƙaramar ita ce Gajera, mai fulogi huɗu, wadda ko ka taka ta har ƙasa ba ta san ana sauri a duniya ba. Da su Baba ya yi haya shekara talatin, gari zuwa gari, har ido da gwiwa suka ce masa ya isa haka.

Ɗansa na tsakiya, Makaniki, shi ya riƙe su da rai bayan nan. Tun da aka daina kawo kayansu kasuwa ya koma yi musu aro a tsakaninsu, don birki da kayan ƙafa da famfon mai da kayan wuta duk na wannan yana shiga waccan. In Doguwa ce za ta fita sai ya kwance daga Gajera ya ɗaura mata, in ta dawo ya mayar wa mai shi. Shekara bakwai yana wannan jigila a bayan garejinsa, bayan ya gama da motocin mutane. Akwai notunan da hannunsa ya sani fiye da yadda ya san fuskokin maƙwabtansa.

Sai ƙodar Baba ta gaza. Likita ya ce sau uku a mako za a riƙa wanke masa jini, injin wankin kuwa babu shi sai a babban asibiti, tafiyar awa biyu, da wani dogon tudu a tsakiyar hanya wanda dole a hau shi a zuwa, a sake hawansa ta ɗaya gefen a dawowa. Manyan motoci kullum a kansa suke mutuwa. Wata biyu mijin Auta ne yake kai su, shi da ita da Baba, a duk motar da Makaniki ya samu ya haɗa a ranar. Shi dai Makaniki nasa ya miƙa makulli a bakin gareji da safe, ya karɓa da yamma. Ana cikin haka aka yi wa mijin Auta canjin wurin aiki, tuƙin ya dawo kan 'ya'ya maza. A makon ne kuma wani notin birki, wanda haƙoransa suka cinye don yawan ɗauri da kwancewa, ya sulale a hannun Makaniki kamar an shafa masa sabulu. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Da a kan gangara ya yi haka, da yanzu wani labarin ake yi.

Ya ce aro ya ƙare. Dole a yanka ɗaya, a zuba kayanta duka a jikin ɗayar, a samu mota guda cikakkiya wadda za ta riƙa kai Baba ta dawo da shi. Kowa ya yarda da wannan. Wadda za a yanka ɗin ce aka kasa.

Yaya Babba malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma mutum ne da bai yarda da abin da ba a rubuta ba. Ranar Alhamis da yamma ya zo falon Baba da littattafan motocin guda biyu, waɗanda ya tono daga akwatin takardu, gefensu duk ya yi ja don tsufa. Ya shimfiɗa su a kan tebur kusa da kwalaben magani. Baba yana kwance a doguwar kujera, ƙafafunsa da suka kumbura a kan matashi, ido a rufe. Auta tana zaune a ƙasa tana jera ƙwayoyin mako a ɗan akwatinsu.

"Ƙarfin doki ɗari da talatin da shida," in ji Yaya Babba, yatsansa a kan layin. "Giya biyar. Tanki lita saba'in, ka je ka dawo ba ka leƙa gidan mai ba. 'Yar lelenka kuma, doki saba'in da tara, giya huɗu, tanki arba'in da biyar. Injiniya, ko ɗebewar ma sai na yi maka a allo?"

"Dokunan nan, Yaya, rabinsu sun mutu tun ina makaranta."

"Wadda ka bari a aji uku."

"Ita fa. Littafin nan labarin motar da ta fito daga kamfani yake ba ka. Ni wadda take bayan garejina nake gaya maka. Sau biyu aka goge kan injinta, babu sauran nama a jikinsa. Ta shiga cunkoso minti goma, allurar zafi ta fara tashi. Lita ɗaya kilomita bakwai take kai ta, in ta tashi da ƙafar dama. Gajera sha biyu, kuma tun da nake ba ta taɓa kwana a hanya ba."

"Ba ta kwana a hanya, amma tana wuni. An ce rannan a tudun nan mai keke ya wuce ta, har ya waiwayo ya yi musu sannu."

"Ya wuce ta, amma ai ta isa."

"Da marar lafiya a ciki, awa biyu ta zama uku. Doguwa ta fi nauyi, ta fi kama titi, in babbar mota ta gitta ba ta rawa kamar ganye. Duba nan, gudunta ɗari da tamanin."

"Ka kai ta ɗari da ashirin yau, ka ga ko za ka dawo da ƙofofinta huɗu."

Auta ta ɗago kai. "Ni dai da za ku ji ta tawa, a bayan motar..."

"Auta, maganar inji ake yi," in ji Yaya Babba, bai ko dube ta ba. Makaniki ma bai dube ta ba, don a wannan kaɗai shi da yayansa bakinsu ɗaya. Ta mayar da kai kan ƙwayoyinta.

Suka yi ta yi har shayi ya huce a kofuna. A ƙarshe Yaya Babba ya rufe littattafan ya ce gani ya kori ji. Ranar Asabar, da babu wanki, a haɗa su duka biyun gwargwadon yadda za su iya tafiya, shi ya ja Doguwa, Makaniki ya ja Gajera, a je ƙofar asibiti a dawo. Wadda ta gaza ita ce nama.

Makaniki ya san yadda za ta kaya. Da sanyin safiya, titi babu cunkoso, Doguwa za ta haɗiye tudun nan kamar ruwa, ta isa asibiti Gajera tana rabin hanya. Tsohuwar mota kamar tsohon ɗan dambe take, tana da ranarta ta kirki, kuma ranar da aka taru kallo ita ce ranar. Ba Asabar yake tsoro ba. Wata rana can gaba yake tsoro, da azahar, Baba ya fito daga wanki jiki babu ƙarfi, motar ta tsaya tana huci a inda babu ko inuwar sanda.

Ranar Juma'a ya wuni yana yi musu dabarar kwana ɗaya, famfon wata mota daban ɗaure da waya a nan, tsohon tiyo a can, don dai kowacce ta tsaya da ƙafarta. Da la'asar ya gama, ya tsaya a gaban Doguwa da sifana a hannu. A gefen injin akwai wani kai da yake raba wuta ga fulogai, noti ɗaya ne yake riƙe da shi. In ka sassauta notin ka murɗa kan baya da faɗin farce, wutar za ta riƙa zuwa a makare. Mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiyar cikin gari lafiya. Sai ta ga hawa za ta zama kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba, ta kuma ɗauki zafi.

Ya daɗe yana juya abin a ransa, don shi mutum ne mai tauna magana har ta rasa ɗanɗano. In ka san mutum ɓarawo ne, ka gan shi da idonka ba sau ɗaya ba, amma ranar shari'a ya zo da farar riga kuma babu shaida, laifi ne ka zura masa kayan wani a aljihu? Hukuncin da za a yanke gaskiya ne, hanyar ce kawai ta karkace. Doguwa za ta tafasa a tudun nan, ko gobe ko wata mai zuwa. Shi ranar kawai zai matso da ita kusa, ta zo lokacin da babu marar lafiya a ciki. Wata zuciyar ta ce masa, to in gaskiyarka tana da ƙafa, me ya sa sai ka goya ta? Ya gaji da neman amsar, ya gaji da gardama da Yaya, ya gaji da kwanciya a ƙarƙashin ƙarfe. Ya sassauta notin, ya murɗa, ya ɗaure.

Da safe da suka kai motocin ƙofar gida, sai ga Baba a zaune a bakin ƙofa, ya sa riga mai guga, sandarsa a kan cinya.

"Baba, ina zuwa? Yau ai babu wanki."

"Motocina za a yi wa shari'a, a ce ba na nan?"

"To ka shigo Gajera, ni zan ja ka."

"Baƙin Mai," in ji Baba, da sunan da yake kiransa tun yana yaro mai dawowa gida da hannu baƙi ƙirin, "ka bar ni in shiga inda na saba."

Auta ta riga ta ɗaga ƙofar bayan Doguwa. Ta kwantar da kujerar baya, ta shimfiɗa 'yar katifa, ta jera matasai biyu. Baba ya zauna a bakin, ita ta ɗaga masa ƙafafu, ya ja jiki ya miƙe. Abin bai ɗauki minti biyu ba. Makaniki yana tsaye yana kallo, amma ba wannan yake gani ba. Sifanar da take aljihunsa yake ji, tana masa nauyi kamar bulo. Buɗe bonet da mayar da kan nan numfashi uku ne. Sai dai Yaya Babba yana jikin motar yana goge gilashi da hankici, kuma zai tambaya. Makaniki ya bar sifanar a aljihu. Ya shiga Gajera.

Awa guda Doguwa tana gaba yana biye. A miƙaƙƙen titi ta ba shi rata, har ya fara fatan ko murɗin bai kama ba. Da suka fara hawa sai ratar ta soma raguwa. Ya ga hayaƙinta ya canza, ya ji Yaya ya sauko giya uku, sannan biyu. Wata babbar mota mai ɗauke da buhunan siminti ta danna musu hon, ta fita ta wuce su duka. Gajera tana nishinta na kullum, ba ta ƙara ba ba ta rage ba, har ta zo ta sa hanci a bayan yayarta. Saura kaɗan a kai ƙarshen tudun tururi ya fito ta gefen bonet ɗin Doguwa, fari, kamar an buɗe tukunya. Ta ratse gefen titi ta tsaya.

Yaya Babba ya fito ya tsaya hannu a ƙugu, littafin motar yana leƙe daga aljihun rigarsa.

"To, Injiniya," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Ka ci."

Makaniki ya yi zaton zai ji daɗi ko kaɗan ne. Bai ji ba. Wurin babu bishiya, babu rumfa, rana ta fara cizo, cikin motar kuma ya fara zama tanderu. Aka ce a mayar da Baba Gajera a koma gida, Yaya ya jira Doguwa ta huce ya lallaɓo ta.

A nan ne Makaniki ya ga abin da shekara bakwai a ƙarƙashin motocin nan ba su nuna masa ba. Ƙofar bayan Gajera ba ta buɗewa sosai, a rabi take tsayawa. Kujerarta tana can ƙasa, sai mutum ya durƙusa kamar zai shiga rami. Baba ya sa kai, ƙugu ya ƙi. Ya juya ya sa baya, ƙafar dama mai kumburin ta maƙale tsakanin kujerar gaba da ƙarfen ƙofa. Hannunsa na hagu, inda aka yi masa hanyar wankin jini, ba a kama shi ba a danne shi, don haka ta gefe ɗaya kawai ake iya tallafarsa. Maza biyu suna ta haki suna ba juna umarni, har Auta ta ce su matsa. Ta shiga ta ɗaya ƙofar, ta rungumo shi ta baya, ta ja shi a hankali tana cewa, "Sannu Baba, saura kaɗan, lanƙwasa ta, yawwa." Da aka gama gumi ya jiƙe rigarsa, leɓensa ya yi fari. Ko uhm bai ce ba.

A hanyar komawa Makaniki yana tuƙi yana kallon madubi. Baba yana zaune a takure, gwiwoyi sun kusa taɓa ƙirji, kansa yana bugun gilashi duk ramin da aka faɗa. Gajera mota ce marar nauyi, kowace tsakuwa ta taka sai ta aika wa na baya saƙo. Shi da yake gaba riƙe da sitiyari bai taɓa jin haka ba. Duk gwajin da ya yi wa motocin nan a rayuwarsa, daga wannan kujerar ya yi shi, taga a buɗe, kunne a kan inji.

"Kullum haka ake shigar da shi?" ya tambaya.

"Wannan ai da sauƙi, Yaya Ƙarami, yau ba a taɓa jininsa ba," in ji Auta. Ba da faɗa ta yi maganar ba, muryarta ta wadda abu ya isa har ya daina ba ta haushi ce. "Ranar wanki in ya fito ba ya iya zama. Jiri ne, da amai, da ɗaurewar ƙafa. A Doguwa yana kwanciya, kafin mu fita gari ya yi barci. A wannan kuwa a jikina yake jingina awa biyu da rabi, leda a hannuna. Sau biyu muke tsayawa mu fito da shi ya miƙe ƙafa, sannan a sake shigar da shi yadda ka gani."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ai maganar inji ake yi."

Ya mayar da idonsa kan titi har gida.

Da suka kwantar da Baba, Auta ta fita ɗebo ruwa. Makaniki ya tsuguna yana cire masa takalmi. Baba, ido a rufe, ya ce:

"Da yawa ka ja mata wutar baya. Rabin haka ma ya isa."

Hannun Makaniki ya tsaya a kan takalmin.

"Tun daga ƙofar gida na ji ta. Shekara talatin ina kwana ina tashi da muryar motar nan, ka ce ba zan san ranar da aka shaƙe ta ba?"

"Baba, ai da ka yi magana."

"In ce me? Ba ƙazafi ka yi mata ba, tana tafasa. Ni ma ta sha zubar da ni a hanya tun tana da ƙuruciyarta." Ya mayar da numfashi. "Kuma kai ne mai kwanciya a ƙarƙashinta, ba ni ba. Na ga bayanka ya fara lanƙwashewa. In Gajera ce za ta bar ka ka huta, a bar Gajera. Awa biyu da rabi ne, ba shekara ba. Zan zauna."

Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Makaniki ya ajiye takalman a gefen gado, ya jera su daidai kamar wannan ne aikin da ya kawo shi, ya fita.

Sai bayan la'asar Yaya Babba ya iso gareji da Doguwa, yana tafe yana tsayawa, rigarsa duk tsatsar ruwan lagireto mai sanyaya inji. Ya kashe ta, ya miƙa makulli.

"Ga ta nan. Ka yanka. Littafi ya ba ni kunya yau." Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, abin da bai taɓa yi ba saboda wandonsa. "Ka san abin da na yi ta tunani a gefen titin nan? Da ranar wanki ce fa? Da ni na kashe shi da taurin kaina."

Makaniki ya dubi makullin a tafin hannunsa. Ga abin da ya nema an ba shi, har da ban haƙuri a kai. In ya yi shiru babu mai tonawa. Baba ba zai faɗa ba, Auta ba ta sani ba, Doguwa kuwa gobe war haka ta zama tarkace. Kuma har yanzu bai daina ganin gaskiyarsa ba: Gajera ba za ta tsaya a hanya ba, Doguwa za ta iya. Wanne ya fi, wahalar da ta tabbata sau uku kowane mako, ko hatsarin da zai iya zuwa sau ɗaya, ya kuma iya zama na ƙarshe? Ya auna ta nan, ya auna ta can, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Abin da ya sani kawai, jiya da ya yanke hukuncinsa rabin shari'ar ya ji, kuma ga Yaya zaune a kan taya yana ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Ya buɗe bonet. "Zo ka gani."

Ya nuna masa kan mai raba wuta, ya nuna masa tabon inda yake zaune shekara da shekaru, da inda yake yanzu. Ya sassauta notin ya mayar da shi wurinsa, ya tayar da motar. Muryarta ta fito a sake, mai kauri, har ƙarafan da suke rataye a bango suka amsa.

Yaya Babba ya dubi injin, ya dubi ƙaninsa. Makaniki ya jira tsawa, ya ma so ta zo.

"Da Baba a ciki," in ji Yaya.

"Ban san zai zo ba."

"Da ka ga ya shiga fa?"

Injin yana ta bugawa a tsakaninsu, har Yaya ya zura hannu ta taga ya kashe shi.

"Awa uku na yi a rana ina zagin kaina," ya ce. "Ba zan ce na yafe yau ba, kada ni ma in yi maka ƙarya. Yanzu gaya mini tsakani da Allah, ba don ka ci ba, ba don in ci ba. Za ta iya?"

"Ban sani ba. Da safe za ta iya. Dawowa da rana ne abin. In na wanke lagireto, na ƙara mata fankar Gajera a gaban tata, zan rage. Ban ce zan kawar ba."

"Ni in ta tsaya mini ban san inda zan taɓa ba."

"Ni zan riƙa jan ta. Duk ranakun wankin uku."

"Garejin fa?"

"Ya buɗe sauran kwanakin."

Yaya ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya dubi baƙin da taya ta bar masa, ya ƙyale shi. "Mu je mu tambayi yarinyar nan," ya ce. "Mun yi namu ilimin ya ƙare."

Suka sami Auta a kicin tana wanke kofuna. Suka tsaya a bakin ƙofa kamar masu neman aro, suka bari ta yi magana har ta gama, abin da ba su tuna yaushe rabon da su yi ba. Ba ta ja da tsawo ba. Ta ce a bar Doguwa, in ta tsaya a hanya, su tsaya. A sa musu lema da ruwa a mota. Ta fi iya jiran ƙarfe ya huce da ta riƙa kallon tsoho yana cije leɓe don kada a ji nishinsa.

Ranar Lahadi Makaniki ya yanka Gajera. Ya fara da birki, ya bi da kayan ƙafa, famfon mai, fanka, wayoyi. Komai ya kwance ba gardama, kamar yadda ta yi komai a rayuwarta. Motar da ba ta taɓa ba shi kunya ba ita ce a kan bulo babu taya, wadda ta sha ba shi kuwa tana gefe ana yi mata ado da kayan ƙanwarta. Ya ga rashin adalcin abin. Ya gaya wa kansa ƙarfe ba ya jin zalunci, mutum ne yake ji, amma bai tabbata wannan ya wanke shi ba. Kafin magariba bayansa ya ƙi miƙewa sai da ya dafa bango.

Litinin suka tafi da sanyin safiya, jarkokin ruwa biyu da akwatin kayan aiki a kujerar gaba. Zuwa bai zama komai ba. Awa huɗu ya yi a filin ajiye motoci na asibiti, bonet a buɗe, yana zagaya ta yana matsa tiyo, masu gadi suna kallonsa. Da azahar aka turo Baba a keken marasa lafiya, fuskarsa kamar toka. Auta ta kwantar da shi, ta shiga ta zauna a gefensa.

Rana ta take lokacin da suka iso gindin tudun. Makaniki ya sauko giya uku tun kafin motar ta nema, ya kunna fanka ta biyu. Allurar zafi ta bar tsakiya. Ta hau kaɗan, ta tsaya, ta sake hawa. Wata babbar mota tana rarrafe a gabansu, ga kwana, babu halin wucewa. Gumi yana bin bayansa. Allurar ta matso jan layi har babu abin da zai shiga tsakaninsu sai zare, ta tsaya nan tana rawa. Ya riƙe ƙafarsa wuri ɗaya, bai ƙara ba bai sassauta ba, idonsa yana tsalle tsakanin allurar da gefen titi, yana neman inda zai ratse in ta kama. Sannan titin ya kwanta, babbar motar ta ba da hanya, iska ta shigo ta gaba. Allurar ta fara sauka a hankali kamar ba da son ranta ba.

Sai a lokacin ya dubi madubi. Baba ya yi barci, baki a buɗe, ƙafafu a miƙe. Auta ta jingina kai da gilashi.

"Mun wuce?" ta tambaya, ba ta buɗe ido ba.

"Mun wuce na yau," ya ce.